Yadin Ulu a Gidan Malam Audi

Gidan Dahala, Sakkwato
Watan Fabrairu

Zuwa ga ɗana Ja'afar, a Abadin ta ƙasar Sikotlan.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa gare ka, da maiɗakinka Kaltume, da yaran da ban sani ba sai a hoto. Mu nan lafiya lau, in ka cire gwiwar Innarku Mairo, wadda ke tashe ta tun kafin ladan ya yi gyaran murya. Man shafawar da ka aiko ya iso, ta ce Allah ya yi albarka. Ni kuwa tsufa ne ke damuna, kuma ban ji an buɗe mashi asibiti ba.

Akwai wata magana da na taɓa ji bara, ban ba ta masauki ba. Wurin wata ta'aziyya ce. Muna zaune kan tabarma, Siddiƙu mai goro ya matso har gwiwarshi na taɓa tawa, ya ce, "Malam Audi, an ce Ja'afar zai ɗauke ɗiyarshi ta koma wurinshi ƙasar Turawa." Na ce, "Wa ya ce?" Ya ce, "An ce dai." Ka san An-ce, tsohon maƙaryaci ne, ba shi da zaure balle a je a tsare shi. Na gaya wa Siddiƙu cewa duk mai miƙo hannu ga ɗiyata sai ya fara tsallake kabarina. Na kakkaɓe rigata na taho gida na manta.

To makon jiya Hashim, abokin aikinka da ya zo hutu, ya kawo saƙonka. Ban da man gwiwa, sai ga naɗin yadi wanda zai isa a ɗinka wa raƙumi riga. Ulu ne, mai kauri, mai laushi kamar bayan ɗan tinkiya. Launinshi kamar an watsa gero da jar dawa cikin toka. Na shinshina, sai na ji warin garken tumaki bayan ruwan sama. 'Yar takardar da ka liƙa ba ta ce komai ba sai "Na gida." Gida kuwa mu ukku ne, huɗu in an haɗa da akuya.

Ja'afar, nan anka haife ka. Garin da ƙadangare ke ɗaga ƙafa in rana ta take. Ba wanda ke ɗinka ulu a Sakkwato sai mai shirin barin Sakkwato. Ni ba ni zuwa ko'ina, Mairo ba ta zuwa ko'ina, akuya a ɗaure take. Ka ga saura mutum ɗaya.

Bari in tuna maka abin da ka sani. Ni da mahaifinka Sambo kakanninmu wa da ƙane ne. Da matarka ta fari ta rasu ta bar Kausar tana rarrafe, Sambo da kanshi ya saɓo ta a kafaɗa, ya ɗora ta a cinyar Mairo, wadda Allah bai ba haihuwa ba, ya ce, "Ga ɗiyarku, ba aro ba ce." Kana tsaye a zaure kanka a ƙasa, don ɗiyar fari ce, ko kallonta ba ka yi gaban manya, balle faɗin sunanta. Da albashina na kamfanin siminti na Kalambaina ta yi makaranta. Yau ta gama karatun haɗa magunguna, ta yi bautar ƙasa, tana aiki a wani kantin magani a Sama Road. Ita ke auna sugan Mairo, ita ke ɓoye mani gwangwanin sukari. In ta fita gidan nan, ni da Mairo sai mu riƙa kallon juna kamar tsofaffin tukwane.

Da hannuna na rubuta wagga takarda. Maƙwabciyarmu Malama Dorcas za ta ɗauki hotonta ta turo maka, in ka ba da amsa ta bugo mani a takarda. Kada ka kira ni. A waya mutum na iya cewa layi ba kyau ya tsere wa tambaya.

Tambayar kuwa ɗaya ce: ulun nan na wane ne?

Baffanka,
Audi


Abadin
Ƙarshen Fabrairu

Zuwa ga Baffa Audi.

Wa'alaikumus salam. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba Inna sauƙi. Mu ma lafiya, sai murar da ke zagaya yaran, wannan ya warke ya miƙa wa wancan. Kaltume na durƙusawa tana gaishe ku.

Baffa, na ga takardarka, na kuma ji nauyinta. Wa ke yawo da wannan magana a gari? Ni dai ban isa in karɓi abin da mahaifina ya bayar ba, yana raye ko yana kabari. Ban aiki kowa wurinka ba, ban kuma sa Siddiƙu ya faɗi komai ba. Rabona da shi tun ina sayen goron Inna.

Yadin kuwa, a nan ana ce masa tuwid. Daga gashin tumakin tsaunukan ƙasar nan ake saƙa shi. Yana da ƙarko ƙwarai, mutum kan gaji kwat ɗin kakansa. Ana ɗinka kwat da siket da shi, har kujeru da matasan kai ana rufewa da shi. Roƙona kawai a sa masa kafur kada asu ya ci, kuma kada a wanke shi da ruwan zafi. In an zauna an yi shawara a gida, za a san abin da ya dace a yi da shi. Da so samu ne a ɗinka kafin ƙarshen damina.

Ɗakin baƙi na nan a gyare, duk ranar da wani daga gida ya so zuwa.

A gaishe mini da Inna da Malama Dorcas, da yarinyar.

Ɗanka,
Ja'afar


Gidan Dahala
Watan Maris

Ja'afar,

Assalamu alaikum. Allah ya raba yaran da mura. Mairo ta ce a jiƙa masu citta da kanumfari, in akwai su a can. Gwiwa da sauƙi. Zafi ya fara leƙowa, bai dai shigo da kayanshi ba tukuna.

Na karanta amsarka a zaune, na sake karanta ta a kishingiɗe. Ka iya rubutu, Allah ya sa albarka. Na tambaye ka ulu na wa, ka ba ni tarihin tumaki. Ka ce ba ka isa ka karɓa ba. Ban ga inda ka ce ba ka so ba. Kura ma ba ta isa ta shiga garke ba in makiyayi na tsaye. Sai kuma ga ɗakin baƙi a gyare, ga ƙarshen damina. Wane baƙo ne wanga da anka san ranar zuwanshi, amma ba a san sunanshi ba?

Da na warware yadin don in sa kafur kamar yadda ka ce, sai ga wani yadi mai santsi na shafin riga a tsakiya, da manyan maɓallai na ƙaho a ƙulle cikin leda. Ba ka ambace su ba. Na nuna wa Mairo, ta ce, "Ikon Allah," ta ci gaba da dakan yajinta. Matar da ko tsintsiya anka sake wa wuri sai ta yi tambaya. Rannan kuma na shigo daga masallaci na tarar da Kausar ta ɗora gefen yadin a kumatunta, idonta a rufe. Da ta ji takalmina ta ce wai ƙura take duba mashi.

To tun da ka ce a yi shawara a gida, na yi shawara da maigidan, wato ni. Ka rubuta da hannunka cewa ana rufe kujeru da shi. Doguwar kujerar falo kuwa ta daɗe tana nuna soso. Na sa anka ɗora ta a amalanke har shagon Markus, ɗan Gideon da munka yi aiki tare a Kalambaina.

Markus ya murza yadin a yatsunshi, ya dube ni, ya ce, "Baba, wannan fa yadin kwat ne."

Na ce, "Mai shi ya ce ana kujera da shi."

Ya ce, "A can inda ƙanƙara ke sauka. Ko a garinmu Pankshin mai sanyi ne da sai in ce to. Nan gasa baƙinka za ka yi."

Na ce, "Baƙina ne ko naka?"

Ya ɗaga ledar ya ce, "Maɓallan fa?"

Na ce, "Kujera ba ta sa maɓalli?"

Ya sosa ƙeya ya ce, "Tana sawa."

Na ce, "To."

Jiya anka dawo da ita. Ta yi kyau, ba a magana, sai dai kusurwoyinta sun yi tudu kamar an cusa masu tuwo, ban san mi ya sami hannun Markus ba. Maɓallanka na jere a jingina. Shafin mai santsi na ba Mairo ta rufe talabijin.

Kausar ta dawo aiki ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a hannu. Ta ƙare wa kujerar kallo. Can ta ce, "Ta yi kyau, Baba." Ta shige ɗaki. Tuwonta da safe anka ɗumama wa akuya.

Ka ga an ɗinka tun kafin damina ta fara, balle ta ƙare. Mun gode.

Baffanka,
Audi


Gidan Dahala
Watan Mayu

Ja'afar,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya ce ta sa ka shiru. In ciwo ne Allah ya ba da sauƙi, in fushi ne Allah ya huce zuciya, in kuma shiri ne ake yi, to Allah na gani. Azumi ya zo ya wuce, salla ta wuce, ko barka ban gani ba. Kullum sai na leƙa katangar Malama Dorcas, ta ce, "Baba, babu komai." Har na fara tunanin ko ita ma an saye ta, don na ga Kausar na yawan shiga wurinta da waya a hannu. Amma matar da ta koyar da rabin yaran unguwar nan ba ta ɓoye wa tsoho takarda. Haka dai nake gaya wa kaina.

Mairo lafiya, sai dai maganarta da ni ta koma "ga abinci" da "a sawo gawayi". Ni kuma ƙurajen zafi sun feso mani tun daga wuya har inda ba a faɗi a takarda.

Labarin kujera ke nan. Bazarar bana ba ta zo da wasa ba. Limamin unguwa ya zo gaishe ni, na zaunar da shi a kanta don girmamawa. Bai gama tambayar iyali ba ya miƙe ya ce shi ya fi son tabarma, sunna ce. Abdulshakur ƙanen mahaifinka ya zo, ya zauna, ya tashi da taswirar zufa a bayan riga, ya ce, "Audi, murhu ka saya?" Yanzu kowa ƙasa yake zama, ita kuma tana tsaye a tsakar falo kamar amaryar da ba a biya sayen baki ba. Ni kaɗai ke hawanta, kullum bayan azahar, don kada a ce na yi asara.

Amma ba don wannan na ɗauki biro ba. Na'ima tela ta shigo kawo ɗinkin salla, ta ga kujera, ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Ulun ne wannan? Ni da na auna tun kaka!" Mairo ta yi tari, Na'ima ta haɗiye sauran. Na ce, "Wa kinka auna?" Ta ce wai labule take nufi. Labule mai hannuwa da kafaɗa.

Ashe tun kaka an auna. Tun kafin Hashim ya hau jirgi. Wato kai kana can kana sayen yadi, ana nan ana riƙe da awo, ni kuma ina tsakiya kamar jakin da ake cinikinshi shina cin hakinshi.

Ita kanta Kausar ta rame. Ba ta gardama, ba ta dariya. Da can in na saci sukari sai ta biyo ni har zaure tana faɗa, yanzu gwangwanin a fili yake, ba mai hana ni. Na daina sha ma, ba daɗi.

Saurara, Ja'afar. In ɗiyarka kake so, akwai hanyar da kakanninmu sunka bari. Abdulshakur na raye. Ka turo shi da wani dattijo, su zauna a zaurena, su faɗa da baki. In ƙi ko in yarda, wannan nawa ne. Amma ba a zare wa mutum ɗiya ta cikin naɗin yadi, kamar yadda ɓera ke zare gyaɗa ta ƙasan buhu. Ni ba gawa ba ne da za a yi shawarar gidana a kaina ina kwance.

Ina jiran amsa, ba tarihin tumaki ba.

Audi


Abadin
Watan Yuni

Zuwa ga Baffa.

Wa'alaikumus salam. Ina neman gafara. Lafiyarmu ƙalau, ba ciwo ba fushi. Na fara amsa ban san sau nawa ba ina gogewa, don duk abin da na rubuta, ko dai ya zama ƙarya gare ka, ko ya zama cin amanar wani. Allah ya ba ka sauƙin ƙurajen. Don Allah ka sauka daga kujerar nan. Da na karanta wa Kaltume labarin Liman, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, ni kuma na yi tawa na koma ina share ido.

Baffa, ba zan turo Baffa Abdulshakur ba. Wanda ke da haƙƙi shi ke tura manya. Ranar da na tura su, na ce ke nan ina da rabo a abin da aka ba ka, ni kuwa ba ni da shi. Ban taɓa faɗin sunan yarinyar a gabanka ba, ban taɓa saya mata ko ɗan kunne ba tare da ya bi ta hannunka ba. Wannan karon ne kawai na kauce, kuma ga inda ya kai mu.

Gaskiyar da zan iya faɗa ita ce: ba ni na fara maganar yadin ba. Daga gida aka roƙe ni in saya, aka faɗa mini launi. Aka ce za a gaya maka da zarar ya iso. Na yi alkawarin ba zan riga mai maganar ba. Da takardarka ta farko ta zo na gane ba a gaya maka ba, sai na rasa ta cewa, na kama tumaki.

Ɗakin baƙi kuwa, wallahi da kai nake, saboda idonka da ka ce yana hazo. Amma ba zan ɓoye maka ba, in wani ya zo da izininka, ɗakin nasa ne. In babu izininka, ko filin jirgi ba zan je ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Akwai abin da ke da wa'adi, in watan gobe ya wuce ya wuce ke nan. Ka sassauta fuska, Baffa, ko mai maganar ya samu ƙofar shiga.

Ɗanka,
Ja'afar


Gidan Dahala
Watan Yuli

Ɗana Ja'afar,

Assalamu alaikum. Ruwa ya sauka, alhamdu lillahi, gari ya yi sanyi, ƙuraje sun baje. Mairo na gaishe ku, ta kuma dawo da maganarta gaba ɗaya har da bashin watannin baya. A shafa mani kan yaran.

Da na ga ka ce "daga gida", sai na nufi madafa. Mairo na tsintar shinkafa. Na ce, "Ke kinka ce a aiko da ulu?"

Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Ni da fanka ba ta isata?"

Na ce, "To wa?"

Ta ce, "Malam, kai kaɗai ne a Gidan Dahala ba ka sani ba, kuma kai anka fara gaya wa."

Na ce, "Ni? Yaushe?"

Ta ce, "Wurin ta'aziyya. Kana zaton Siddiƙu mafarki ya yi? Ni na aike shi ya sa sanda ya ji zurfin ruwan. Na ce ya laƙa wa Ja'afar, don in za ka yi faɗa ka yi da na nesa. Ya dawo ya ce ka ambaci kabari. Wa zai sake buɗe baki bayan an ambaci kabari?"

Na ce, "Ke ba ki jin zafin tafiyarta?"

Sai ta aje farantin. Ta ce, "A bayana ta yi wayo, Malam, ba a bayanka ba. Kada ka koya mani zafi. Karatu ne ta nema da kanta, Turawan sunka ɗauke ta kyauta, a garin da ubanta yake. In na riƙe ta don ta auna mani suga, mi zan gaya wa Sambo ranar da munka haɗu?"

Ka ji. Na bi An-ce unguwa-unguwa ina neman zaurenshi, ashe a ɗakina yake kwana, ni ke saya mashi man gwiwa.

Ba ta tsaya nan ba. Wai ranar da amalanke ya fita da kujera, ta riga shi isa shagon Markus ta waya. Tudun nan na kusurwa da nake zagin hannunshi a kai, ninki ne. Bai sa almakashi ba sai inda ya zama dole, sauran ya naɗe ya cusa ta ciki. Na je na same shi na ce, "Markus, ubanka bai taɓa yi mani haka ba." Ya ce, "Baba, Mama ce ta ce in na yanka kada in sake cin tuwon gidanku. Kai ka san miyarta." Mi zan ce? Na san miyarta.

To an kware kujera. Ta koma nuna sosonta, Mairo ta yafa mata tsohon zane, Liman ya dawo zama a kai ba tare da ya tuna sunna ba. Yadin na wurin Na'ima. An wanke da ruwan sanyi kamar yadda ka ce, an shanya a inuwa. Ta ce kwat zai fita har da hula, hudar maɓallai ma ulun ya haɗiye ta. Wurin da na fi zama ne kawai ya ɗan canza launi, na ce ta sa shi ta ciki, inda zai taɓa bayan mai shi. Shafin ma an sauke shi daga kan talabijin.

Yanzu ga nawa sharuɗɗan, kuma a rubuce nake son amsarsu. Aro na ba ka, ba kyauta ba. Ka lura da bambancin, don ubanka ya lura da shi. Ranar da karatu ya ƙare, jirgin da ya kai ta ya san hanyar dawowa. In wani ya fito neman aurenta a can, ko ɗan wane ne, zaurena zai zo. Ba ta cin yaji sosai, kuma in abu na damunta ba ta faɗi, abinci take bari, sai a lura da kwanonta.

Sannan kai. A can babu Mairo da za ka ce wa "a kira yarinyar". Gida ɗaya za ku zauna. In ka ci gaba da sunkuyar da kai kana magana da bango, za ta yi zaman marainiya a gidan ubanta. Kunyar ta isa haka, ni da anka yi ta domina na yafe. Ka tsaya gaban madubi ka koyi sunan tun yanzu.

Kada ka ɗauka na gama yarda da kai. Har yanzu ina ganin ka ji daɗin yadda abin ya faɗo, kuma ɗakin baƙin nan ban tabbata da idona anka gyara shi ba. Amma zato ba ya hana jirgi tashi.

Baffanka,
Audi

Na ninke takardar sai na tuna ban ba ka amsar tambayarka ta tun Fabrairu ba, cewa wa ke yawo da maganar. Siddiƙu ya fara, Na'ima ta yi suɓutar baki, Mairo ta fasa ƙwan. Duk ban motsa ba, ko bayan na dawo daga shagon Markus kujera na nan da rigarta, don duk cikinsu ba mai maganar.

Ranar wata Juma'a anka yi ruwa bayan la'asar. Ina kan kujerar, karo na farko da na ji daɗinta. Sai anka yi sallama anka durƙusa a gabana, anka ce, "Baba, zan yi magana."

Na ce, "Bakin naki ne."

Ta ce, "Ni na nemi makarantar. Ni na roƙi a sayo yadin, na ce in ya iso zan samu abin fara maka magana da shi. Da ya iso na kasa. Da na ga kujera na ce amsarka ke nan. Gobe zan rubuta masu su ba wani gurbin. Na ce kada in rufe maganar ba ka ji ta daga bakina ba."

Na ce, "Kin tambaye ni?"

Ta ce, "A'a."

Na ce, "To yaya anka yi na ba da amsa?"

Ta murza gefen kujerar. Can ta ce, "Baba, in tafi?"

Na ce, "Za ki dawo?"

Ta ce, "Ina so in dawo. Amma ba zan rantse ba, kai ka hana ni rantsuwa a kan gobe."

Da ta rantse, da na ce an koya mata. Na dubi ruwan da ke zuba daga indararo har ya tsagaita, sannan na ce ta tashi ta kira mani mai amalanke.

Wadda ta gaya mani daga ƙarshe ke nan. Bakinka bai saba ɗaukar sunan ba, to fara da ido: Kausar ce.